Malam da Wayoyinsa Shida

Shin na kyauta da na faɗa masa? Yau kwana ashirin da uku da rasuwar maigidana, kuma da wannan tambayar nake tashi, da ita nake yini. Na tambayi ɗiyata da ke rubuta mini wannan, ta ce in daina wahalar da kaina. Na tambayi matar limaminmu, ta ce komai rubutacce ne. Dukansu gaskiya suka faɗa, amma babu wadda ta amsa ni. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, shi ya sa nake faɗa ana rubutawa. So nake a san abin da mutumin nan ya yi da shekarunsa uku na ƙarshe, da abin da ya sa shi.

Ranar da aka kai shi, gidanmu na Yalwawa bai ɗauki jama'a ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har ƙofar maƙwabta. 'Yan masallacinmu suka ce ba su taɓa jin muryarsa ta ɗagu ba. Wani tsohon abokin aikinsa, cikin waɗanda suka zo Dutse tare tun ana buga takarda da tafireta, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Hajiya, Allah ya jiƙansa, amma fa ya wahalar da mu. Takarda ɗaya sai ya dawo maka da ita sau huɗu saboda waƙafi." Yana faɗa yana dariya, yana share ido da bakin rigarsa. Maƙwabciyata kuwa, da mutane suka ragu, ta matso ta ce a hankali, "To yanzu wa zai riƙa kula da aljanun nan nasa?" Wayoyinsa take nufi. Tun da ta taɓa leƙa ɗakinsa ta ga wayoyi shida a jere suna haske suna danna kansu babu hannun kowa, ba ta sake yarda ta zauna kusa da wannan ƙofar ba.

Mutum biyu ne ba su ce komai ba. Ɗan ƙanensa, wanda muka riƙe tun yana firamare bayan rasuwar mahaifinsa, ya zauna kwana uku a kan tabarma kansa a ƙasa. Sai ɗiyar ƙanwata, wadda ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta dai kama wanke-wanke ta ƙi sakar wa kowa har aka watse. Su biyun nan su ne labarin.

Malam ɗan gidan malamai ne na Limawa. Mahaifinsa da hannu yake rubuta Alƙur'ani, kuma ba ya barin shafi ya fita gidan sai mutum uku sun karanta shi da ƙarfi yana saurare. Malam bai gaji rubutun ba, boko ya yi, ya shiga aikin gwamnati, da kwamfuta ta zo ya koye ta da kansa yana da furfura. Amma dubawar ya gada. In ya kulle kwaɗo sai ya ja shi. In ya wanke kofin shayinsa sai ya ɗaga shi ga haske. In na ce masa na kashe gas, ba zai ce ƙarya nake ba, zai dai tashi kamar mai neman takalmi ya bi ta kicin. Shekara arba'in da biyar ina jin haushin wannan halin. Yanzu ni ce nake jan kwaɗo.

Bayan ya yi ritaya, ɗan ƙanen nan nasa ya buɗe ɗan kamfani. Suka yi wata manhaja ta waya don matan da ke zuwa awo da rigakafi a ƙananan asibitocin ƙauye. Mace za ta sa lambarta ta sirri, ta ga ranar komawarta da abin da malamar asibiti ta rubuta mata. Yaron ya zo ya ce, "Baffa, kai ne ba ka barin waƙafi ya wuce. Zo ka riƙa duba mana kafin mu fitar." Malam ya yi murna ƙwarai. Ya sa manhajar a wayarsa, ya shiga, ya fita, ya danna nan, ya danna can, kwana da kwanaki. Da ya gamsu ya ce a fitar.

Ɗiyar ƙanwata tana aure a Aujara, gidan manoma, babban gida. Ciki uku ta yi ɓari a jere, na ƙarshen sai da aka ƙara mata jini. Malamar asibiti ta ce jikinta na buƙatar hutu, ta ba ta shawarar allurar tazarar haihuwa. Mijinta ya sani, shi ya kai ta a babur. Suka yi shawara ba za su faɗa wa uwar mijin ba. Gidan kuwa waya babba ɗaya ce, tana hannun yayan mijin, kowa aro yake. Wata rana ta ari wayar, ta duba ranar allurarta ta gaba, ta danna fita kamar yadda aka koya mata, ta mayar. Da yamma yayan mijin ya buɗe manhajar zai duba ranar rigakafin ɗansa. Shafin ya buɗe da sunanta, da allurar, da kwanan wata.

Ba zan maimaita abin da aka faɗa mata a tsakar gidan nan ba. Aka tambayi mijin ko ya sani, ya dubi uwarsa, ya ce bai sani ba. Cikin mako guda ta iso gidana da akwati da takarda.

Tana ba ni labari tana cewa, "Inna, wallahi na danna fita. Na danna." Na ce wace irin manhaja ce? Ta kwatanta mini hoton da ke kanta. Hoton da nake gani kullum a wayar Malam ne. Ita ba ta san yana da hannu a ciki ba, ta dai san yana aikin kwamfuta.

Kwana goma sha ɗaya na riƙe maganar. Ina kai masa abinci, yana tambayata me ya raba auren yarinyar nan, ina cewa sha'anin gidan miji ne. Ran na goma sha biyu da hantsi yana zaune yana gyara tabarau, na zauna na faɗa masa duka. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Waya ɗaya, mutum nawa?" Na ce gidan gaba ɗaya. Ya ce, "Ni kuwa a wayata na gwada. Ni kaɗai. Da suna ɗaya." Ya ajiye tabaran. "Hajiya, a gidan ubana mutum goma ke cin tuwo a akushi ɗaya, amma na zauna na gwada abu kamar kowa da tasa wayar."

Ya karɓi wayata, ya sa manhajar, ya shiga da wani suna na gwaji, ya fita, ya shiga da wani. Sunan farko ya fito. Ya daɗe yana kallonsa.

Daga baya ya yi mini bayani yadda zan gane, don na ce ba zan yarda abu ya kashe aure in kasa sanin mene ne ba. Ya ce in tuna mai injin niƙa. In kin kai masa kwano, sai ya yi masa 'yar alama da gawayi don in kin dawo ya gane naki ba sai ya tambaye ki ba. Ya ce shafin da ke nuna bayanin mace ma haka yake, yana ajiye 'yar alama a cikin wayar don kada ya yi ta tambayarta ke wace ce. Masu aikin suna ce mata kuki. In mace ta danna fita, dole a goge alamar, in ba haka ba duk wanda ya ɗauki kwanon, a wurin mai inji ita ce. Na ce to me ya hana a goge? Ya ce manhajar daban, shafin da ke buɗewa a cikinta daban, kamar zaure da ɗakin da ke cikin gida. Sun koya wa zauren mantuwa, ba su koya wa ɗakin ba.

A ranar ya kira yarinyar da kansa. Na so in hana shi. Ya zauna a ƙasa, ita tana kan tabarma, abin da ban taɓa gani ba, ya ce mata shi ne ya duba manhajar ya ce a fitar. Ta ce, "Baba, ai ba kai ka ce ba ka sani ba." Ya ce, "Shi da Allah. Ni nawa nake faɗa miki." Ta ce ta yafe. Ya ce ya gode, amma ban ga yafiyar ta sauka a jikinsa ba, a lokacin ko daga baya. Ya je Aujara sau biyu neman sulhu. Suka karɓe shi da mutunci, suka ba shi fura, suka ce maganar ta wuce.

Kamfanin suka gyara abin cikin kwanaki kaɗan. Ni na ɗauka shi ke nan. Shi kuwa nan ya fara. Ya ce hannunsa da idonsa sun riga sun ci amanarsa sau ɗaya, kuma duk lokacin da yaran suka taɓa manhajar suka ƙara wani abu, ɓarnar na iya dawowa ba wanda ya lura. Ya bi 'yan'uwa yana karɓar tsofaffin wayoyi, mai fasasshen gilashi, mai kumburarren batir, irin dai waɗanda ke hannun mutanen ƙauye. Ya sa kafinta ya yi masa katako mai gurbi shida. Ya haɗa su da kwamfutarsa, ya yi wata shida yana koyon yadda zai rubuta mata umarni, yana tambayar yaran kamfanin da ya yi jika da su ba ya jin kunya. Daga ƙarshe ta kai in ya dawo sallar asuba ya kunna, kwamfutar da kanta za ta ɗauko sabon zubin manhajar, wayoyin su kama aiki. Ya ƙirƙiri mata na ƙarya, ya sa musu Ta Fari da Ta Biyu da Ta Uku. Ta Fari za ta shiga, ta duba, ta fita. Ta Biyu ta shiga. In ko harafi ɗaya na Ta Fari ya bayyana, layin wannan wayar a kwamfuta sai ya yi ja. In babu, kore.

Kowace waya da irin wahalar da yake ba ta. Ɗaya agogonta yake mayarwa baya, don ya ce wayar da batir ɗinta ya mutu aka kai wurin mai caji takan farka tana zaton shekarun baya ne, alamar da ya kamata ta mutu sai ta zauna. Ɗaya a kashe ta ana tsakiyar dubawa. Waya ta huɗu ita ce ake yanke mata sabis daidai lokacin da aka danna fita. Ita yake kira wayar Aujara.

Mun yi faɗa a kansu, ba zan ɓoye ba. Sola ɗaya gare mu, ita ke riƙe mini firiza ta zoɓo da ƙanƙara. Wata bazara rana ta yi zafi, batir ya yi rauni, na shiga na zare wayoyin na jona firizata. Ya fito ya tarar gwaji ya tsaya a tsakiya. Ya ce, "Hajiya, wa ya zare?" Na ce, "Ni. Matan naka na ƙarya ba sa jin ƙishi, na gaske suna ji." Ya ce, "Na gasken nake tsarewa." Na ce, "Wadda ka so ka tsare tana ɗakina tana tankaɗe, ba abin da kore zai mayar mata." Wannan maganar tana cikin abin da nake neman gafararsa. Bai ci abincin rana ba. Da la'asar ya zo bakin kicin ya ce daga yau wayoyin za su gama kafin rana ta ɗaga, sauran yinin wutar tawa ce. Haka muka zauna a kai.

Matan unguwa sun gane yana taimako, suka riƙa kawo masa wayoyi ta hannuna, wasu su shigo da kansu. In mace za ta sa lambarta, sai ya juya fuskarsa bango ya ce, "Sa, ban gani ba, kar kuma ki faɗa da ƙarfi." In ta gama ya ce ta fita, sannan ta sake buɗewa ta tabbatar da idonta. Yakan ce, "Fita ba ita ce dannawa ba, ita ce ki koma ki ga ba kya nan." Akwai wata tsohuwa da ta ce masa ita ba ta da sirri, jikokinta duk sun san lambarta. Ya ce, "To ke kika ba su, Iya. Ba waya ce ta ba su ba."

Wata biyu kafin rasuwarsa yaran suka yi wa manhajar babban sabon zubi. Wayoyi biyar kore, ta huɗu ja. In sabis ya yanke ana cikin fita, alamar ba ta gogewa. Ɗan ƙanensa ya zo gida da kansa. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ina jin su.

"Baffa, asibitoci na jira. A cikin wannan zubin ne aka sa tunatarwar rigakafi, damina na tafe. Mu tsallake wannan gwajin guda ɗaya, mu fitar, mu gyara daga baya."

"Daga baya yaushe?"

"Abu ne da ba kasafai zai faru ba. Sai sabis ya yanke daidai wannan daƙiƙar."

"Ɗana, yaushe rabonka da Aujara? Can sabis ba yankewa yake ba, leƙowa yake."

"Akwai yaran da za su rasa rigakafi saboda jinkirin nan. Su ma mutane ne."

Maganar ta shigi Malam. Sannan ya ce, "Gaskiya ne. To ku gyara da sauri."

Nan yaron ya faɗi abin da ya faɗa. Ya ce, "Baffa, kai ba manhajar kake gwadawa ba. Laifinka kake wankewa, mu kuma muna biya." Na ji shinkafar ta tsaya a hannuna. Malam ya ce, "Mai yiwuwa. Amma kwamfutar ba ta san laifina ba." Yaron ya fita bai yi mini sallama ba, yaron da na yi wa wanka.

Ba zan ce ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Shi ma akwai waɗanda ke sama da shi suna matsa masa. Bai fitar ba, amma bai sake zuwa ba. Ma'aikatansa suka riƙa aiko gyara, kullum da safe ta huɗu ja. Ana cikin haka ƙafafun Malam suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Muka je asibiti, aka riƙe shi kwana shida, aka sallamo mu da magunguna. Daga nan bai iya zuwa ɗakin wayoyin ba. Ya koya mini maɓallin da zan danna, ya ce ba sai na iya karatu ba, in ƙirga layi daga sama in faɗa masa launi. Ni da na zare su, ni na koma mai kunna su.

Ran sadakar uku, bayan an shafa fatiha, na aika aka kira mini ɗan ƙanen nasa. Ban yi masa faɗa ba. Na kai shi ɗakin, na nuna masa layi na huɗu da yatsa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango ya yi kukan da bai yi a waje ba. Ya ce, "Hajiya, ban nemi gafararsa ba." Na ce wannan ba ni da shi da zan ba ka. Ya ce zai riƙe zubin har arba'in, bayan nan bai san ko zai iya ba. Ya so ya kwashe wayoyin ya kai ofis, na ce a'a, a bar su inda suke.

To ga inda muke. Ba ni da mabuɗin komai. In ya ga dama gobe zai fitar, ba zan ma sani ba sai wata yarinya ta iso gidan wata da akwati. Kwana goma sha bakwai suka rage. Kullum bayan asuba ina kunnawa, in zauna a kujerarsa har su gama, in sa ɗiyar ƙanwata ta kira mini yaron. Kalma ɗaya nake faɗa masa, ya ce to Hajiya, mu ajiye. Ba na ƙara komai a kai, ba na cewa baffanka ya ce, ko don darajar baffanka. Ɗiyata ta tambaye ni me ya sa, tunda hakan zai fi kama shi. Ga dalili.

Safiyar ranar da ya rasu, Talata ce, na kunna na jira, na dawo na same shi a jingine da filo biyu, idonsa a kan ƙofa. Daren jiya bai samu numfashi sosai ba, leɓensa ya bushe. Na dube shi na ce a raina mutumin nan ya cancanci ya ji kore ko sau ɗaya. Na ce, "Malam, yau duk sun yi kore."

Ya dube ni. Ya ce, "Har ta huɗun?"

Na ce har ita.

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Shekara arba'in da biyar, Hajiya, ba ki koyi ƙarya ba." Na sa kuka, na ce ja ce, ka yafe mini. Ya miƙo hannu ya dafa nawa. Na ce bari in kira yaron yanzu in ce masa baffansa na kwance, ya ce kada a fitar, in ga wanda zai tsallake. Ya girgiza kai. Ya daɗe yana tattara numfashi. Bayan maganar da zan kawo nan ƙarshe bai ƙara yi wa wani mahaluki magana ba, sai kalmar shahada da ya yi ta maimaitawa har kafin azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya yafe mini in na ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Malam ya ce:

"In don ni ya tsaya, ranar da ba na nan zai wuce. Kar ki ce masa ni na ce. Ki ce masa ja ne."